Oba-obar Sale

Laraba da dare, ruwan ambaliya bai janye ba.

Yau ma ba a ga Sale, abokin aikinmu na ceto, ba. Kwale-kwalensa kaɗai aka tsinta a kife cikin ciyawar kacalla, ta wajen Miga. Oba-obarsa, 'yar rediyon hannu da muke kiran juna da ita, tana tare da shi, ko ina yake.

Da la'asar Malam Habu, shugabanmu na 'yan ceto, ya ce in sauya mabuɗin sirri na duk oba-obar da ke hannunmu. "Ba mu san hannun da tasa ta faɗa ba," in ji shi. Gaskiyarsa. A cikin kowace akwai 'yar na'ura mai dagula murya kafin ta fita, sai mai mabuɗi iri ɗaya ce ke warware ta. Na ce, "Malam, in Sale na maƙale a wani tudu ya kira fa? Ba wadda za ta buɗe masa." Ya kau da kai ya ce, "Yi aikinka, Auwalu."

Na jona waya na loda musu sabon mabuɗi, ina ji kamar ƙasa nake zuba masa. Tawa kawai na bari da tsohon.

Bayan isha tana kan tabarma sai ta buɗe. Ba magana, sai ƙarar ruwa da wani abu kamar numfashi, sannan ta ɗauke. Na yi ta kiran sunansa har muryata ta dushe.

Na san na'urar nan, ba ta buɗewa don iska ko tsawa. Biyu kacal suka rage masu tsohon mabuɗin, ɗaya ga ta a gabana. Ɗayar kuwa, wani ne ya danna ta.