Ƙaho Biyu Kamar Zare

Zuwa ga Kawu Malam,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Bayan haka, na kama wani koren ƙwaro a lambunmu, a jikin ganyen kabeji. Baba ya ce fara ce, 'yar leƙen asiri, sauran rundunar na tafe. Har ya aro injin feshi. Kawu, in ya yi feshin nan, ba abin da zai rage cikin ƙwarin da nake dubawa. Da ƙyar ya yarda ya jira hukuncinka, tun da kai ne malamin kimiyya.

Ni dai na ce ba fara ba ce. Ga zanensa. Ƙwaron ya mutu a kwalba, Mama za ta ba direba ya kawo maka, don zan tafi makaranta. Ka huta lafiya.

Taka,
Idon Mikiya

*

Zuwa ga 'yata Idon Mikiya,

Na amsa gaisuwarki da murna. Madalla da wannan himma! Amma 'yar nan, sau nawa zan faɗa? A zana abin da ido ya gani, ba abin da zuciya take so ba. Kin yi masa ƙaho biyu da suka fi jikinsa tsawo, alhali wanda ke gabana cikin gidan ashana ƙahoninsa guntaye ne. Gajeren ƙaho kuwa na fara ne. Na zagaye wurin da jan biro, ga zanenki nan na maido. Ki sake. Wannan karon babanki ne da gaskiya, sai haƙuri.

Ki gaida mutanen gida.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Abin da na gani na zana. Amma tun da ni maƙaryaciya ce, shi ke nan. Na ba Mama kwalabena ta zuba maɓallai. Baba zai yi feshi da zarar iska ta kwanta.

Auta kawai

*

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, me ka rubuta wa yarinyar nan? Ta daina cin abinci da mu, ta daina shiga lambu, ko shagona ta zo sai ta zauna bayan keken ɗinki tana kumbura kamar an yi mata sata. Duk a kan ƙwaro! Ni da na bar ɗinkin mutane na shirya maka shi tsaf. Na shimfiɗa masa auduga a gidan ashana, na miƙe masa ƙafafu, na datse wasu zarurruka biyu da suke reto a kansa suna hana murfin rufuwa. Ka san ni, kaya ba ya fita daga hannuna da zare yana lilo. Ko na gode ban samu ba. Ka lallashe ta, ni na gaji.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, amma da ƙyar. Kin datse mene ne? Haba Yaya! Ƙwaro aka ce ki aiko mini, ba rigar da aka gama wa kalmasa ba! Waɗannan "zarurruka" su ne shaidar duka. Kamar ki yanke wa zomo kunne ne, ki aiko ki ce in faɗi sunansa.

Ina gama karanta takardarki na ɗauko gilashin ƙara girma, abin da ya kamata in yi tun farko. Ga bakin almakashinki nan a kan ƙahon, yanka mai kyau, ba zan hana ki yabo ba. Ga kuma 'yar tsaga a ƙafarsa ta gaba, ƙasa da gwiwa. Kunnensa ke nan, na fara kuwa a gefen cikinta yake. Wannan dangin gyare ne mai zama a ganye. Ba ya tafiya da runduna, ɗan abin da zai gutsura bai kai a ɗauko injin ba.

Don Allah ki tare maigidanki kafin ya fesa. Ki ce wa Auta idonta ya fi nawa, kuma jan biron nan kaina ya kamata ya zagaye. Zanenta nake so in manna a ajina, in za ta yarda. Ke kuma, nan gaba in an ba ki saƙo, ki zauna a kan hannuwanki.

Ƙaninki da kika sa ya ji kunya

*

Kawu,

Gaisuwa. Baba ya mayar da injin, yana ta ƙunƙuni. Zanen kuma ka riga ka ɓata shi da jan biro, haka za ka manna shi, ɗalibanka su gani.

Na sami wani, mai rai, a kan tumatir. Ba zan aiko ba. In kana son ganin ƙahonsa, ka zo da ƙafarka. Na ɓoye almakashin Mama.

Taka,
Idon Mikiya