Rasuwar Malam Tafinta da Batun Ɗakin Sauraro

Daga Ƙungiyar Masu Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki da Iyalansu, zuwa ga iyalan marigayi da sauran jama'a.

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, wannan ƙungiya, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da Shugabar Mata, da ɗaukacin 'ya'yanta na kan keke da na kan sanda da waɗanda Allah ya miƙar da su, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, dattijonmu kuma abokin jinyarmu, wanda kowa ya sani da Malam Tafinta. Rai ya yi halinsa da hantsi, a asibitin da ya daɗe yana zuwa gashin ƙashi, uwargidansa da babbar 'yarsa suna gefensa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a za su lura cewa wannan saƙo ya makara, domin an riga an yi sutura, masu zuwa gaisuwa ma sun fara raguwa. Ba sakaci ba ne. Babban yayan marigayin, wanda shi ne uba a zuriyar yanzu, kuma dukanmu muke ce masa Baba Babba, ya nemi abu biyu a wurinmu: kada mu ambaci kiɗa a cikin ta'aziyyar ƙaninsa, kuma mu kwashe kujerunmu daga garejin gidan marigayin, inda muke taruwa duk ranar Alhamis mu saurari kiɗan da babu waƙa a cikinsa. Maganar babba ce, ba a tsallake ta. Amma mu ɗin ba mu da wani ɗakin da za mu koma, kuma ba mu san yadda za mu ba da labarin mutumin nan mu cire abin da ya tashe shi zaune ba. Shi ya sa alƙalami ya tsaya mana har zuwa yau.

Kafin ciwo ya haɗa mu da shi, marigayin ya kwashe mafi yawan ƙarfinsa yana aikin tafinta a kotu, a tsaye tsakanin akwatin shaida da kujerar alƙali, hannunsa ɗaya a bayansa, yana ɗauko maganar wanda ba ya jin harshen kotu yana miƙa ta ga masu hukunci. Waɗanda suka yi aiki da shi, daga alƙalai har masu gadin ƙofa, sun shaide shi da hali guda: ba ya katse mai magana. Ko tsohuwa ce ta fara labarin rikicin katanga daga ranar da aka haife ta, zai bari ta kai aya, sannan ya juyo ya maimaita duka, har da rantsuwarta da inda ta yi tsaki. Lauyoyi sun sha ƙorafi cewa yana cinye musu lokaci, shi kuwa ya kan ce ba a ɗauke shi aiki don ya rage wa mutane magana ba. Mutane da dama sun fita daga wannan zaure da mutuncinsu saboda an ji abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi.

Sai ciwon ya zo ya kama shi daidai inda arzikinsa yake. Ɓarin dama ya shanye, harshe kuma ya ɗaure, mutumin da ke jujjuya harsuna da dama ya wayi gari ba shi da abin da ya fi "to" da "tsaya". Mu da muka sha wannan ciwo mun san cewa kowa da abin da yake ɗauke masa. Ni mai wannan rubutu ƙafa ya ɗauke mini ya bar mini baki, shi ya sa 'yan'uwa suka ga babu amfanin a bar bakin yana zaman banza, suka naɗa ni kakaki. Shi kuwa Malam nasa ya fi namu tsanani ta wata fuska, domin kunnensa bai daina aiki ba. Da ya ji magana, ko a rediyo ko a waƙa, sai zuciyarsa ta zabura za ta fassara kamar yadda ta saba, ta tarar da ƙofa a rufe. Uwargidansa ta ce mana waƙoƙin da ya fi so a da su ne suka fi azabtar da shi, har ta kai ga an lulluɓe rediyon gidan da zane, shi kuma ya juya fuskarsa bango ya daina karɓar baƙi.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar zanen gine-gine ce, kuma tana da ɗabi'ar kunna wani irin kiɗa idan tana aiki, wanda ta ce masu yin sa suna kiran sa fos-rok. Wata rana ta shimfiɗa takardunta a falo kusa da gadonsa, ta manta ta bar wayarta tana yi. Kiɗa ne na jita da ganga, wani lokaci da fiyano ko goge, ba mawaƙi ba 'yan amshi. Yakan fara a hankali kamar ɗigar famfo, ya yi ta maimaita abu ɗaya har ka ce ya maƙale, ashe ƙaruwa yake yi, har ya cika ɗaki ya girgiza gilashin taga, sannan ya sauka ya bar mutum da numfashinsa. Da ta farga, ta miƙa hannu da sauri za ta kashe. Sai mahaifinta ya bugi katakon gado da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Tsaya." Ya saurara har ƙarshe, kuma a ranar ya yi nuni a miƙo masa hularsa. Ya samu abin da zai ji wanda ba ya neman a fassara shi.

Daga nan ne alherin ya iso gare mu. Marigayin ya sa aka fitar da mota daga gareji, aka share, aka yi siminti mai gangara a bakin ƙofa saboda kekuna, aka kafa lasifika biyu a kan teburin guga na da, aka ɗaura fanka. Sannan ya yi ta jan rigar duk wanda ya haɗu da shi a layin gashi, 'yarsa tana yi masa bayani. Ba za mu ɓoye ba, zaman farko bai yi armashi ba. Kiɗa ya yi nisa, sai wani ɗan'uwanmu da muke ce wa Direba, wanda ya fi kowa gajen haƙuri a cikinmu, ya leƙo ya ce, "Wai mawaƙin mota ce ta lalace masa a hanya?" Shugabar Mata kuwa, tela ce ta gaske kafin hannunta ya ƙi, ta ce ita a jinta yaran ba su gama ɗaure igiyoyin jitar ba tukuna. Malam ya zuba mana ido, ya ce, "Tsaya." Muka tsaya, don kunyarsa ba don kiɗan ba.

Ba mu san ranar da kunyar ta koma so ba. Abin da za mu iya shaida shi ne, mai wannan ciwo yini yake yi ana yi masa tambaya: ɗaga hannu mu gani, ce kaza, ka gane ni, me kake so, ina ke maka ciwo. Masu yi don ƙauna suke yi, amma akwai gajiya a ciki wadda sai wanda ya ɗanɗana ya sani. A garejin Malam babu mai tambayar kowa komai. Ba a katse kiɗa sai ya kai ƙarshensa, ba a magana a kansa, kuma idan ya ƙare ba a tambayar mutum me ya ji. Mai kuka ya yi kukansa, mai gyangyaɗi ya yi, mai bin ganga da ƙafarsa mai lafiya ya bi. Akwai 'yan'uwanmu da ba sa fita ko'ina a mako sai wannan zama, kuma iyalansu sun ce tun daga Laraba suke nuna a goge musu kaya. Direban nan da ya tambayi mawaƙi, shi ne daga baya ya koma mai harara idan wani ya yi tari.

Ƙungiya tana so jama'a su fahimci cewa Baba Babba bai nemi abin da ya nema don ƙiyayya ba. Shi ya yi ɗawainiyar karatun ƙaninsa, shi ya fara kai shi ƙofar kotu neman aiki, kuma a idonsa marigayin yana nan a matsayin mutumin da zaure ke yin tsit idan ya buɗe baki. Da Kwamitin Amintattu ya je gaishe shi, ya ce mana, "Ƙanena mutum ne mai daraja. Ba na so a ce ya ƙare rayuwarsa a gareji yana kaɗa kai kamar wanda hankalinsa ya gushe. Ku rubuta aikinsa, ku bar sauran." Muka yanke shawarar mu bi umarninsa a kan ɗakin, muka sa ranar kwashe kaya, zukatanmu kuwa ba daɗi.

A ranar muka taru, shi ma ya zo don ya ga an rufe. Mun fara naɗe wayoyin lasifika ke nan sai uwargidan marigayin ta fito ta tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, gida naku ne, abin da kuka ce shi za a yi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ku zauna ku ji guda ɗaya har ƙarshe, sannan a rufe." Ya dubi jama'ar da ke kan kekuna suna kallonsa, ya ja kujera ya zauna a takure, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa. 'Yar marigayin ta kunna.

Ta zaɓi mai tsawo, kuma mun ga dattijon yana duba agogo tun kiɗan bai je ko'ina ba. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya buɗe baki sau ɗaya zai yi magana, ya ga babu fuskar da ke kallonsa, ya fasa. Da ganga ta shigo abin ya fara hawa, sai ya daina motsi. Ba mu san abin da ya ji ba, kuma bisa ƙa'idar ɗakin ba mu tambaye shi ba. Bayan sauti ya ɗauke, sai ƙarar fanka kawai ta rage. Can ya juya ya tambayi uwargida, "A ina yake zama?" Ta nuna masa gefen taga. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Duk zuwan da nake yi gidan nan, magana nake yi masa ina jira ya amsa. In ya kasa, in tashi in tafi da ɓacin rai. Ban taɓa zama na yi shiru tare da shi ba." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Mu ma muka yi kuka, domin kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa irin wannan, mai ƙauna, wanda ya kasa zama.

Da ya miƙe, ya dubi Mai Girma Shugaba ya ce, "Ku mayar da wayoyinku inda suke. Abin da kuka sani game da shi kuma, ku rubuta, ni ban san shi ba." Da wannan izini muka rubuta abin da ke sama, kuma idan akwai kuskure a ciki namu ne, ba na iyali ba.

Saboda haka, Ƙungiyar Masu Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki da Iyalansu, da baki ɗaya, na masu iya furtawa da na waɗanda sai dai su ɗaga hannu, tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidan marigayin, wadda ta yi jinya ba tare da ta taɓa nuna gajiya a gaban baƙo ba, da babbar 'yarsa da ƙannenta, da jikoki, da tsofaffin abokan aikinsa na kotu, da ma'aikatan sashen gashi da suka sha fama da taurin kansa. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Malam Tafinta, ya yafe masa kurakuransa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinsa, ya mayar masa da harshensa a inda babu ciwo. Muna roƙon ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, ya tsare musu zumuncinsu, ya albarkaci abin da ya bari.

Muna kuma yin addu'a ta musamman ga Baba Babba, wanda nauyin da ya ɗauka daga garejin nan ya fi na kowa, kuma babu wanda zai iya sauke masa shi sai Allah. Zama zai ci gaba ranar Alhamis mai zuwa kamar yadda aka saba, ƙofa a buɗe take ga duk mai jinya da duk mai ɗan'uwa a kwance. Dattijon ya aiko yana tambaya ko akwai wani a cikinmu da ba shi da mai turo masa keke, ya ce zai biya ya ɗauko shi, kuma ya yi alkawarin ba zai dame shi da magana a hanya ba.

Sa hannu:
Malam Mai Baki,
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Amintattu.