Tulunki Yana Cikin Gilashi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da roƙon Allah ya kai haske makwancinki. Ni ne ɗanki Garba, daga gidanmu na Laranto. Kada ki yi mamakin ganin rubutu. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, da furfurata da komai.

Bari in fara da albishir. Jikarki Ladi ta sauka lafiya, mace, kuma sunanki aka raɗa mata. Ran suna na yi ta murmushi ni kaɗai har abokai suka ce na zare. Ummi muke ce mata, don wa zai iya buɗe baki ya kira wancan suna a gidan nan?

To, Inna, daga nan daɗin ya ƙare.

Ma'aikatan gidan tarihi sun zo ajinmu, suka ce kayan da ke can namu ne, mu je mu gani kyauta. Muka je ran Asabar. Wata malama 'yar Kabong, Malama Rifkatu, ita ta zagaya da mu ɗakin tukwane. A akwatin gilashi na huɗu na tsaya cak. Tulunki ne. Ga shatar babban yatsanki guda uku a ƙarƙashin wuya, ɗaya don ni, biyu don ƙannena. Kin sha cewa tulun da ba shi da shaida maraya ne.

Akwai ɗan kati a gefensa. Malama ta fassara mini Turancin, ni kuma na bi Hausar da ke ƙasa da yatsa, baƙi bayan baƙi. An rubuta ba a san wadda ta gina shi ba.

Ni na jawo wannan. Kin tuna ranar da wani Bature da tafintansa suka zo neman tukwane, ina dawowa daga haƙar kuza, ƙafafuna jajaye da laka? Kina cikin gida, kika ce in miƙa musu tulun nan a zaure. Tafinta ya tambaye ni sunan maginiya har sau uku. Na sunkuyar da kai na ce tsohuwarmu ce. Ɗa ba ya faɗin sunan uwa, haka kika rene ni. Ya ɗaga kafaɗa ya rufe littafinsa. A ranar na ɗauka ladabi na yi.

Da na gaya wa Malama Rifkatu, sai ta yi murna. Ta ce duk mako suna tara yaran firamare su koya musu ginin yumɓu, amma sun rasa wadda ta iya irin wannan wuyan tulu. Ta tambaya ko akwai magajiya a gidanmu. Inna, babu. Ni da bakina na hana Ladi da yayarta taɓa yumɓu, na ce aikin wahala ne. Yanzu bokitin roba ne a gindin rumfar da kike shanya tukwane. Dutsen da kike goge su da shi ma ban san inda ya shiga ba.

Ta ba ni takarda ta ce in rubuta sunanki, in kawo shaida ɗaya da ya san aikinki. Takardar ta yi mako uku a aljihuna. Da na ɗauki fensir sai na ji kamar zan ɗaga miki murya. Na rubuta. Ki yafe mini.

Shaidar ce ta gagara. Iya Tabawa da kuke ƙona tukwane tare ta rasu bara. Ƙannena sun riga ni gidan gaskiya. Na je har Kuru neman tafintan, aka ce ya daɗe a ƙasa. Malama ta karɓi takardar, ta ce za ta kai gaba, amma ba ta yi mini alkawari ba, kuma na ga a idonta ba ta sa rai.

Jiya na ɗauki Ummi, ta damƙe babban yatsana ta ƙi saki. Wata rana makaranta za ta kai su ɗakin nan. Za ta iya karanta katin fiye da ni, ta wuce, ba ta san mai sunanta ce ta gina ba.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa aljanna ce makomarki. A can dai an san sunan kowa.

Ɗanki mai neman gafara,
Garba