Inna, Ba Allurar Baya Ce Ta Kurmantar Da Nafisa Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, na zauna ne in ba ki labarin da na san da kina raye ke za ki fara ji. Jikarki Nafisa ta sauka lafiya, an sami namiji. Kin ga yau har sunanta na rubuta, girma ya fara cire mini kunyar 'yar fari.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma akwai maganar da aka daɗe ana yi a kanki, kika hana ni tankawa. Shi ya sa na rubuta wannan a inda jama'a za su gani.

Kin tuna lokacin da gwamnati ta kwaso ma'aikatunta daga Legas zuwa Abuja. Ofishin Abban Nafisa na cikin waɗanda aka taso. Gidajen ma'aikata ba su ishi kowa ba, sai ya kama mana ɗaki biyu a Kuje, a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin Kano. Abban ya ajiye mu, ya koma Legas don rako motocin kayan ofis. Ke kuma kika taso daga Zariya ki taya ni zama, don ban san kowa a garin ba.

Lokacin zafi ne, irin wanda ko randa ba ta sanyaya ruwa. Nafisa tana shekara uku, baki ya buɗe, ba ta barin kowa ya huta. Ke take bi duk inda kika sa ƙafa, kina ce mata ƙawata.

Sai zazzaɓi ya kama ta. Kowa ya ce na sauro ne, muka karɓo magani a kemis. Washegari ta fara amai, ta ƙi haske, tana cusa fuska cikin zanenki. Da kika zo ba ta koko, kika tallafo kanta, sai ta ƙwalla ƙara, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Kika ajiye kofin a hankali, kika ce, “Wannan ba sauro ba ne. Ɗauko mayafinki.”

Alhaji ne ya ɗauke mu a motarsa ta kaya, hanya duk gargada, har babban asibiti. Likitan da ya duba ta saurayi ne, ba Bahaushe ba. Har yau ina jin Hausarsa: “Mama, wannan yarinya, ciwonsa babba ne. Ina zargin sanƙarau. Sai mun ɗebi ruwa a baya mu duba.” Ya bayyana mana cewa sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ƙwayoyin bakteriya ke kawowa, shi ne mai saurin kisa, kuma ruwan gadon baya ne zai nuna ko shi ne, da maganin da zai ci shi.

Alhaji ya ja mu gefe. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce, “Hajiya, kada ku yarda. Allurar bayan nan, in yaro bai mutu ba, gurgu yake tashi. A jira ubanta.” To ubanta yana Legas, ba wayar hannu a lokacin, saƙo sai an bi ta ofis ko ta bakin direbobi. Ni kuwa ina tsaye, na kasa cewa i, na kasa cewa a'a.

Ke ma kin ji tsoro, Inna.  Kika tambayi likita, in an jira fa? Ya ce, “Ciwo ba ya jira, Mama.” Kika dubi yarinyar, kika yi salati, kika ce, “A yi. Ubanta ba ya nan, amma Ubangijinta yana nan. In an tambaya, ni na ce a yi.”

Nas ta ce a sami mai riƙe ta, a naɗe ta, gwiwa a ƙirji. Na ja da baya, don ban taɓa rungumar ta a gabanki ba. Kika turo ni da hannu. “Yau babu kara. Riƙe 'yarki.”

Ruwan da ya kamata ya fito garau, sai ya fito kamar na wankin shinkafa. Likita ya ɗaga kwalbar ya nuna mana, bai jira sakamakon ɗakin gwaji ba, nan take aka fara yi mata allura ta jijiya. Daga baya suka ce sun ga ƙwayoyin a madubin likita, kuma maganin da aka fara shi ne daidai. Mu ma aka ba mu na kariya, har da yaran Alhaji.

Kika shimfiɗa tabarma a gindin gadon, kika ƙi komawa gida. A gadon kusa akwai wata Bagwariya daga wajen Kwali, ɗanta na fama da ciwon huhu. Hausarta kaɗan ce, amma kwano ɗaya kuke ci. In ta fita, ke ke kallon ƙarin ruwan ɗanta, in kin tashi salla, ita ke kallon na jikarki.

Ranar da Nafisa ta buɗe ido ta nemi ruwa, na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Zazzaɓi na sauka, masu zuwa dubiya suka fara cewa a roƙi sallama, tunda sauƙi ya samu. Likita ya ce sai alluran sun cika, kika goyi bayansa: “Wutar da ba a kashe ta mutu ba, ita ke cin danga.” Muka zauna har aka gama. Ana gab da sallamarmu Abbanta ya iso, ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

Mun dawo gida da ita a raye, tana tafiya da ƙafafunta. Sai dai ta yi shiru, muka ɗauka rashin ƙarfi ne. Ranar ruwan farko, muna tsakar gida da la'asar, aka yi wata tsawa, kowa ya zabura, har awakin Alhaji suka watse. Nafisa ko motsi ba ta yi ba, wasanta take da murfin kwano. Kika zagaya bayanta kika kira ta, kika sake kira da ƙarfi. Ba ta waiwayo ba.

Likita ya auna ta, ya ce ciwon ne ya lalata jijiyoyin ji a can cikin kunne, kuma hakan na faruwa ga wasu da suka tsira. Allurar kuwa a ƙasan baya ake yin ta, babu ruwanta da kunne. Abbanta ya fahimta, ya zo ya durƙusa ya yi miki godiya. Amma da yayarsa ta zo daga gida, sai ta ce allurar da tsohuwa ta sa aka yi ce ta kurmantar da yarinya. Maganar ta bi dangi. Duk lokacin da na yunƙura zan mayar da martani, sai ki ce, “Bar su. Da gawa muka dawo da ita, ta'aziyya za su yi. Gara surutun.”

Na bar su, Inna. Har a zaman makokinki na ji wata na raɗa wa wata. Yanzu ba kya nan balle ki hana ni, don haka zan faɗa kowa ya ji: ba allura ba ce, ciwo ne. Allurar ita ta nuna wa likita abin da yake yaƙa. Duk uwar da ɗanta ya yi zazzaɓi, wuya ya sanƙare, ya ƙi haske, ta garzaya asibiti, ta bari a yi gwaji, ta kuma bari magani ya ƙare.

Ke kika fara yi mata maganar hannu tun kafin mu san akwai makarantarta. Abinci, ruwa, barci, salla, kowanne kin ƙirƙiro masa alama. Ba ki ga ranar da ta zama malama a makarantar kurame ba, ba ki ga aurenta da abokin aikinta ba. Yaro ne mai hankali, da kin so shi. An auna kunnen jaririn, yana ji sarai, kuma uwarsa ta ce babu rigakafin da zai wuce shi.

Shekaranjiya ina gasa mata jiki, sai ta tambaye ni da hannu, wai yaya muryar Inna take? Ta ce tana tuna fuskarki da ƙamshin turarenki, amma muryar ta ɓace mata.  Na ce mata murya ce mai kauri, ba ta ɓuya, in kina faɗa a ɗaki har ƙofar gida ana ji. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce to ɗanta ke ya gado, don in ya tsala kuka a ƙirjinta, har cikin ƙashinta take jin sa.

Allah Ya jiƙanki, Innata. Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya saka miki da Aljanna Firdausi. Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya ƙarfin zuciya. Ya raya wannan yaro cikin imani, Ya haɗa mu da ke a inda babu ciwo.

Taki har kullum,
Rakiya
Kuje, Abuja