Jan Kaki a Ƙofar Shahata

Asabar, 1 ga Yuli
'Yata Rasha ta sake kira daga Kuwait. Wai Mama, tun da Baba ya rasu da firji kike hira, ki samo kyanwa. Don ta shafa mini lafiya na je har bayan Giza, gidan da ake tara kyanwoyin titi. Mai wurin, Madam Busaina, ta zaunar da ni kamar na zo neman aiki. Hawa na nawa nake? Na shida. Akwai raga a baranda? Babu. Sai ta rufe littafinta, wai in sa raga tukuna, ta zo ta gani da idonta. Ni Insaf, shekara talatin da ɗaya a ofishin gunduma, ni za a zo wa duban gida saboda kyanwar bola! Na ce ta riƙe kayanta.

Lahadi, 2 ga Yuli
Shagon Shahata mai tsuntsaye da kyanwoyi na bakin layinmu, ba tambaya ba littafi. Wadda na ɗauka 'yar fara ce mai gashi, tafin hannuna ya ishe ta kwanciya. Ya rantse da 'ya'yansa ta yi wata biyu, an yi mata rigakafi. Wai shi ba ya sayar da kyanwa, kuɗin abincinta kawai yake karɓa. Abincin da tsada! Na hango uwar a kejin ƙasa, duk ta rame, ya sa ƙafa ya kare ta. Na raɗa wa tawa suna Basbusa.

Laraba, 5 ga Yuli
A cikin silifas ɗin marigayi take barci. Yau na ji kaina ina dariya.

Asabar, 8 ga Yuli
Ta ƙi ci. Amai sau huɗu.

Litinin, 10 ga Yuli
Ta mutu kafin azahar, a cinyata. Likitan dabbobi ya ce ko sati huɗu ba ta cika ba, ba a taɓa mata rigakafi ba, wata allura ake musu su yi ta tsalle na kwana biyu har mai saye ya tafi da su. Na sa ta a kwalin takalmi na kai wa Shahata. Ko kofin shayinsa bai ajiye ba.
"Ajali ne, Hajiya. Akwai 'yar'uwarta, in kina so in rage miki."
Na koma gida na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Talata, 11 ga Yuli
Bai san wadda ya taɓo ba. Zai sani.

Alhamis, 13 ga Yuli
Ba wanda zai rufe shago saboda mataccen ɗan kyanwa, wannan na sani. Amma lasisinsa na sayar da abincin tsuntsaye ne kawai, rumfarsa ta ci hanyar masu ƙafa, wayar wutarsa kuma Allah kaɗai ya san inda ta fito. Na rubuta ƙara da irin kalmomin da ba a iya jefawa a kwando. Na kai wa Ustaz Ramzi na ofishin gunduma hannu da hannu, ni na koya masa aiki. Na rubuta wata ta ofishin haraji na ajiye a aljihun tebur, wannan ita ce ta biyu. Ɗaya bayan ɗaya zan ba shi.

Litinin, 17 ga Yuli
Na roƙi Ramzi su zo ranar Alhamis bayan azahar. Juma'a da Asabar ba ofis, ba wanda Shahata zai kai wa kuka sai Lahadi. Ya ɗanɗana kwana uku kamar yadda na ɗanɗana. Na wuce ta gaban shagon har na gaishe shi, ya amsa da fara'a, sakarai.

Alhamis, 20 ga Yuli
Sun zo! Suka cire mitar wuta, suka ja ƙofar ƙarfe, suka ɗaure kwaɗon da zare, suka ɗiga jan kaki irin na kyandir suka buga hatimi. Shahata yana bin su har mota yana cewa akwai rai a ciki. Na sha jin magiya iri-iri a ofis, ban saurara ba. A wajen mai ruwan rake na tsaya ina kallo, na sha kofi biyu. Rabon da in ji daɗi haka tun kafin rasuwar mijina Abdul-Aɗi.

Juma'a, 21 ga Yuli
Burodi na fita saye da safe. Tun daga kwanar layi na ji kukan dabbobin cikin shagon.
Kukan bai da ƙarfi, shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙofar ƙarfen ta yi zafin da ba a taɓa ta, ciki ba fanka ba taga. Shahata yana durƙushe ya zura tiyo ta ƙarƙashin ƙofa, ruwan yana malala a ƙasa, kejin kuwa yawancinsu a sama suke. Busaina na tsaye a kansa. Ashe shi ya kira ta, matar da yake ce wa mahaukaciyar kyanwoyi. Ta kawo almakashi za ta yanke zaren, na riƙe hannunta. Karya kakin nan kurkuku ne, ni na sha buga takardun.
Ta dube ni ba ta ma tuna ni ba. "Wane marar imani ne yake rufe rai ranar Alhamis?"
Shahata ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai kan tiyonsa. Da zagina ya yi da ya fi mini.
Wayar Ramzi a kashe, ya kai iyali bakin teku. Na je gidan shugabansu a Shubra, mutumin da na rantse ba zan ƙara gaisarwa ba. Awa biyu a ƙofa. Na ce masa ranka ya daɗe sau nawa, ban ƙirga ba. Ya sa hannu: gobe a buɗe na awa ɗaya. Gobe! Na ce yau fa? Ya ce Hajiya, ke kika koya mana bin ƙa'ida.
Laifin Shahata ne. Shi ya tara su a wurin. Laifinsa ne.

Asabar, 22 ga Yuli
Tsuntsayen duka sun mutu. Kyanwoyi huɗu cikin goma sha ɗaya, har da 'yar'uwar Basbusa. Uwar tana da rai, kejinta ne a ƙasa, ruwan tiyon ya iso ta. Busaina ta kwashe masu ran, Shahata ne ya kai su mota yana share ido da hannun riga. Ban ji tausayinsa ba. Kaɗan dai.
Na shiga motar, aka ɗora mini uwar a cinya. Mun kusa Giza na ce, "Ni na zaɓi Alhamis."
"Ai na gane tun jiya," in ji Busaina. "Tallafe mata kai, ki ɗiga ruwan a hankali."

Laraba, 26 ga Yuli
Mai raga ya zo ya gama baranda da tagogi. Saboda tattabaru ne, sun dame ni da kashi.
Shahata maƙaryaci ne har gobe, ban yafe ba.
Busaina za ta zo da safe ta duba, na share gidan sau biyu. Ta ce uwar Basbusa haƙoranta sun zube, sai abu mai laushi. Na dafa kaza na yayyaga, ai da ma zan ci. Akwatin yashinta yana son takarda a ƙasa, na nema ban samu jarida ba, sai na shimfiɗa takardar ƙarar harajin nan. Ta yi daidai.