Batir na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris
Yau ɗana na fari ya danƙa mini littafin rumfar caji. Jirgin ruwansa na lantarki ne, batir shida. Aikina in duba allon kowane batir da safe, in rubuta yawan cajinsa kafin a ɗauki fasinja. Ya ce, "Inna, ba a banza kika yi makarantar manya ba." Ni da na fara riƙe biro da furfura a kaina.

Alhamis, 6 ga Maris
Biyar sun nuna 98. Na huɗu 91. Na goge tabarau, na sake dubawa. Sau nawa malama ta gyara mini lamba a aji? Na ce idona ne. Na rubuta 98.

Asabar, 15 ga Maris
Na huɗu ya sauka 84, kuma da ɗumi in an taɓa shi. Har na buɗe baki, sai ya ce, "Inna, littafin nan tsaf, ko gogewa babu!" Na haɗiye maganar. 98.

Talata, 18 ga Maris
Jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa da mutum goma sha huɗu, har da mai goyo. Masu kwalekwale suka janyo su. Ina bakin gaɓa ina kallo.

Laraba, 19 ga Maris
Mai gyara ya ce batirin ya kumbura, sai dai sabo. "Wannan ya daɗe yana kuka, ba kwa dubawa ne?" Ɗana ya miƙa masa littafin, wai allon ne ke ƙarya, uwarsa ba ta wasa da aiki. Nan na kasa daurewa. Na ce allon bai yi ƙarya ba, ni ce na gani daidai na rubuta daban.
Bai ɗaga murya ba. "Inna, da kin faɗa, da gyara kawai za a yi."
Gara ma da ya yi faɗa.

Juma'a, 21 ga Maris
Jirgi a ɗaure. Ban je rumfa ba.

Alhamis, 27 ga Maris
An sa sabo. Na tarar da littafin a kan bencina, da biro a ciki. Ɗana ne ya ajiye mini.
Na biyu ya nuna 95. Na rubuta 95, na ja layi a ƙasa, na riƙe makullin jirgi a haɓar zanena sai da ya zo ya duba da kansa. Fasinjoji suna ta tsaki.
Sau ɗaya na karanta lambar. Sai yanzu na tuna ko tabarau ban goge ba.