Ƙwaryar da na ware wa Bawa

Wata dattijuwa ce daga Dogon Dutsi ta turo saƙon murya, ta ce a ɓoye sunanta. Ga abin da ta ce.

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Sunayen mamata kawai zan kira, su ba abin da zai same su. Mu biyar ne a tsakar gida ranar: ni, da mijina Tunau, da uwarsa Inna Dije, da Kande maƙwabciyarmu da ta zo aron turmi, sai ɗana na fari Bawa, shekararsa uku. A ƙauyenmu ne kusa da Matankari, da damina, Nasara bai bar ƙasar nan ba tukuna.

Kwana biyu Bawa yana zazzaɓi. Bayan azahar yana kwance kan tabarma sai na ga ya sandare, idanu sun kafe sama, hannu da ƙafa suna fizga, kumfa a baki. Na zabura zan ɗauke shi, Inna Dije ta damƙe mini zane ta ce, "Ke! Miyau ne, in ya taɓa ki kin ɗauka." Kande ta bar turmin ta gudu. Muka tsaya daga nesa muna kallonsa har abin ya sake shi da kansa. Ya yi barci, ya tashi ya ce fura yake so.

Tunau ya ce mu ɗora shi kan jaki mu kai shi likita, wato asibitin Nasara a Dutsi. Ni na ƙi. Na ce Nasara rubutawa yake, in aka rubuta farfaɗiya a gidanmu wa zai nemi ɗiyanmu aure? Muka yi ta jayayya, Inna ta goyi bayana, ya haƙura. Na ɗauki ƙwarya sabuwa, na ƙona mata baki da ƙarfe don a gane ta, ta zama ta Bawa shi kaɗai. Tabarmarsa daban, tuwonsa daban. Ni ba ni da wasa, yaron da ya kai baki ƙwaryar nan sai ya sha bulala. Ba mu faɗa wa kowa ba, amma duk wanda ya shigo gidan ya gani, ya gane.

Jama'a, Bawa bai ƙara faɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Ni kuwa kullum ina jiran na biyu, na ce waren da na yi ne ya tsare sauran yara. Ya girma ba mai cin abinci da shi, ya nemi aure sau biyu aka hana shi, ya daina nema. Ya yi furfura yana nomansa shi kaɗai har ya rasu, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yaran yanzu sun ɗauka shi ne ba ya son mutane.

To, ranar Laraba ɗiyar jikana, shekararta biyu, tana fama da palu, zazzaɓin sauro, ta yi irin wannan a gabana. Uwarta ba ta gudu ba, ta kwantar da ita kan gefe, ta share mata miyau da hannunta. Muka kai ta likita. Lokotoro ya ce zafin jiki ne, ƙananan yara da yawa suna yin haka, faɗuwa ɗaya cikin zazzaɓi ba ita ce farfaɗiya ba, sai in yana dawowa babu zazzaɓi, a sa ido dai. Ya ce ko farfaɗiyar ce ba a ɗauka ta miyau. Sai ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin haka a dangi. Jikana ya ce, "Kaka, ke ce kundinmu, akwai?" Na ce babu.

Ƙarya na yi, kuma yarinya suke neman yi wa magani. In na faɗa, kakarta ta wajen uwa ta riga ta fara cewa aljana doguwa ce ta kama ta, a daina barin ta cikin yara, magana ɗaya take jira daga bakina. In kuma na ce Bawa lafiyarsa ƙalau, to mi na yi masa ke nan? Ba ya nan balle in roƙe shi gafara. Ku da kuka yi karatu, ɓoye wannan zai cutar da yarinyar? Wa zan fara faɗa wa, lokotoro ko jikana?

Washegarin Larabar nan na ɗauki sandata na koma likita ni kaɗai don in faɗi gaskiya, na zauna kan banci har rana ta take. Da aka kira ni, lokotoro ya ce, "Kaka, mi ke tafe da ke?" Na ce gwiwata ke ciwo. Ya rubuta mini magani na dawo gida.